Masu Auna Ruwan Coweeta

Ruwa muka tarar a Otto, ruwa kuma muka baro. Ba irin namu ba ne mai zuwa da gangami, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta ɗebo ƙura, mata su yi ta rububin kwashe shanya. Wannan yayyafi ne mai naci, siriri kamar ana tankaɗe gari, ba tsawa ba walƙiya, sai dai ka ankara ka ji rigarka ta yi nauyi. Mun baro Atlanta bayan sallar asuba a wata ranar Oktoba, ni da ɗan yayata da ke karatun ilimin ruwa a wata jami'a ta jihar Jojiya. Shi ya matsa mini lamba. Ya ce tunda ba ni da hira sai ta damina, to akwai inda ya kamata in gani kafin in koma gida.

Tafiyar ba ta wuce awa biyu da rabi ba. Bayan mun wuce Clayton hanya ta fara hawa, tsaunukan Apalashiya suka taso ta dama da hagu, ganye ya rine ja da ruwan ɗorawa saboda sanyi ya kusa. Gab da mu tsallaka jihar Karolina ta Arewa yaron ya nuna mini wani rafi a gefen titi.

"Kawu, ka ga wannan? Arewa ya nufa. Shi ne Little Tennessee. Sai ya zagaya ta kogin Tennessee da Ohio, ya faɗa Misisifi, sannan ya ga teku."

A Otto muka saki babban titi, muka bi wata 'yar hanya da ta kai mu gindin dutse. Ba katanga, ba wata ƙofa ta a zo a gani. 'Yan gine-gine ne a cikin itatuwa, da wani fili da aka share aka kakkafa na'urorin auna yanayi. Wannan ce cibiyar binciken ruwa ta Coweeta, ta Hukumar Gandun Dajin Amurka. Faɗin dajinta hekta 2,185, daga kimanin mita 680 a gindi zuwa mita 1,592 a ƙololuwar dutsen Albert. Tun 1934 ake auna ruwan da ya sauka a nan da wanda ya fita ta rafuka, mako bayan mako, har yau.

Gardama ce ta haifi wurin. Ƙasar ta Cherokee ce tun asali, har 1838 da gwamnati ta kore su da ƙarfin bindiga zuwa yamma. Waɗanda suka gaje ta suka yi noma da kiwo a gangaren duwatsu, sannan kamfanonin katako suka zo a farkon ƙarni na ashirin suka yi wa dajin kaca-kaca. A Yulin 1916 aka yi ambaliyar da har yanzu ake ba da labarinta a yankin Asheville. A wani wuri da ake kira Altapass ruwan da ya sauka cikin awa 24 ya haura milimita 560. Masanan daji suka ce sare itatuwa ne ke jawo irin wannan ɓarna. Injiniyoyin soja masu kula da koguna suka ce ba haka ba ne, in ruwa ya yi yawa babu dajin da zai riƙe shi. Kowa na da baki, ba mai lissafi. Wani masani mai suna Charles Hursh ya nemi a ba shi dutse guda da rafukansa, a bar shi ya auna. Aka yi dace lokacin ya zo daidai da shirin Shugaba Roosevelt na ɗaukar samari marasa aikin yi a zamanin karayar tattalin arziki. Su suka fasa hanyoyi, suka gina madatsun kankare da ake amfani da su har yanzu. A 1948 aka sa wa wurin sunan da yake ɗauke da shi a yau.

Wata ma'aikaciya ce ta yarda mu bi ta zagayenta. Ba ta da yawan magana. Ta saka takalmin roba, ta rataya jaka, ta riƙe wani siririn sanda mai zane-zanen awo, muka fara da filin da ke kusa da ofis.

Ma'aunin ruwan da ta fara buɗewa bai fi bokitin fenti mai tsawo ba. Bakinsa inci 8 ne, wato kusan santimita 20, da mazurari a sama. A ciki akwai wani siririn bututu wanda girman filin bakinsa kashi ɗaya cikin goma ne na babban. Hikimar ita ce ruwan da ya kai inci ɗaya a ƙasa zai tsaya inci goma a cikin bututun, don haka ko yayyafi aka yi ido zai iya karanta shi. Ta cire mazurarin, ta zura sandan a hankali har ya taɓa ƙasa, ta ɗan dakata, ta zaro. Inda jiƙar ta tsaya nan ne lissafin. Ta karanta, ta sake karantawa, ta rubuta da fensir a littafin da ruwa ba ya lalata shi, sannan ta juye ruwan a ciyawa ta mayar da komai yadda yake. Duka bai ɗauki minti biyu ba. A gefensa akwai wani ma'aunin da ke auna nauyin ruwan yana ajiye lokacin da kowane ɗigo ya sauka; a da alƙalami ne ke zane a kan takardar da aka naɗe a ganga mai juyawa da agogo, yanzu na'ura ce ke adanawa. Na tambaye ta me ya sa ba a jefar da tsohon ba tunda ga sabo. Ta ce na'ura kan mutu ba ta yi sallama ba, batir ya ƙare, ganye ya toshe mazurari, dabbar beyar ta zo ta ture ta. Sandan ne ke gaya musu ko na'urar gaskiya take faɗa. Sannan da irin wannan sandan aka auna na 1934, in aka canza ma'auni ba a haɗa tsohon da sabon an gwada su tare ba, ba za a san ko ruwa ne ya canza ko gwangwani ba.

Wannan amsar ta zauna mini. A wurinmu manomi yana da nasa awon: ya tona ƙasa da hannu bayan ruwan farko ya ga ko danshi ya kai na shuka. Awo ne mai kyau, yana ciyar da gida. Amma ba ya gadon kansa. Dattijo zai ce maka a zamaninsu marka ta fi haka, kai ma ka yarda, sai dai ba wanda zai ce da nawa ta fi.

Muka shiga motar hukuma muka fara hawa. Hanyar tsakuwa ce mai lanƙwasa, ƙarƙashin itatuwan oak da mapul, gefen rafuka kuma wani ƙurmi mai kaurin ganye da suke kira rododendiron ya rufe ko'ina har hasken rana ba ya isa ƙasa. Yadda muke hawa haka yayyafin ke ƙara ƙarfi, har muka shige cikin gajimaren kansa. Dalilin baza ma'aunai a ko'ina ke nan. A kan dutse ma'auni ɗaya ƙarya yake yi. Iska mai ɗauke da danshi daga Tekun Meziko tana tahowa daga kudu, ta ci karo da tsaunuka, ta hau, ta yi sanyi, ta sauke kayanta. A gindi, kusa da ofis, ruwan shekara kan kai milimita 1,800. A can sama, wajen Mooney Gap, ya haura 2,300. Tazarar da ke tsakani 'yan kilomita ce kawai. Kano ba ta cika kaiwa milimita 1,000 a shekara ba, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar take samun nata. Nan kuwa babu watan da ba a ruwa. A shekarun farko an kafa ma'aunai da dama a kowane lungu, sai da aka fahimci yadda ruwan ke rarrabuwa a kan dutsen sannan aka rage su zuwa waɗanda za su wakilci sauran. Kowane ɗaya kuma yana buƙatar a riƙa share masa fili, domin itacen da yake tsiro a lokacin da aka kafa ma'aunin, bayan shekara ashirin inuwarsa za ta fara satar ruwan.

Auna abin da ya sauka rabin aikin ne. Ɗaya rabin yana ƙasan kowane kwari. Coweeta ba dutse ɗaya ba ne mai santsi. Ya rarrabu zuwa ƙananan kwaruruka, kowanne kamar ƙwaryar da aka karkata, duk ruwan da ya faɗa cikinta ta baki ɗaya zai fita. An ba su lambobi. A bakin kowanne an gina 'yar madatsa da ta nutse har kan dutsen ƙarƙashi, don kada ruwa ya sulale ta ƙasa ba a gan shi ba. A tsakiyar madatsar akwai ƙarfe mai tsaga kamar harafin V, ta nan rafin yake zubowa. Na tsuguna na daɗe ina kallo. Ruwan garai-garai yake, yana fitowa ta tsagar a dunƙule kamar gilashi kafin ya fashe a ƙasa. Gefe ga wani ɗan ɗaki, a cikinsa rijiya ce da ke haɗe da tafkin bayan madatsar, da wani abu mai yawo a kan ruwa yana hawa yana sauka. Tunda an san siffar tsagar, tsayin ruwan kaɗai ya isa a san lita nawa ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ma'aikaciyar ta sa hannu ta cire wasu ganyaye biyu da suka maƙale a bakin ƙarfen. Ta ce a wannan watan na zubar ganye, ganye ɗaya kan iya ɗaga ruwan ya ɓata lissafin kwana guda.

Daga nan lissafin ɗan firamare ne. Abin da ya sauka daga sama, a cire abin da ya fita ta tsaga; abin da ya rage shi ne wanda daji ya sha ya mayar sama. Abin da ba na ɗan firamare ba shi ne haƙurin. Kafin a taɓa ko reshe ɗaya, sai a zaɓi kwari biyu maƙwabta a auna su shekaru, ba a yi musu komai, har a san cewa in wannan ya ba da kaza, wancan kaza zai bayar. Sannan a sare ɗaya a bar ɗaya. Wanda aka bari shi ne shaida. Kwari na 18 irin wannan shaida ne. Tun 1927 ba a sa masa gatari ba.

Labarin kwari na 17 shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, kuma ba don ya yi mini daɗi ba. Wajen 1940 aka sare duk abin da ke tsaye a cikinsa, aka bar itatuwan a kwance inda suka faɗi, ba a ja su ba balle a farfasa ƙasa. Rafin bai ƙafe ba. Ƙaruwa ya yi, da kusan santimita 40 a shekarar farko, domin an kawar da masu shan ruwan. Aka yi ta sare tohon har 1955. A 1956 aka dasa farin fayin, itacen katako mai ganye kamar allura wanda ba ya kaɗewa da sanyi. Yadda fayin ke girma haka rafin ke raguwa. A 1974 Wayne Swank da James Douglass suka wallafa sakamakon wannan kwari da na wani ɗan'uwansa: cikin shekara 15 ruwan rafi ya yi ƙasa da na asalin dajin da kimanin santimita 20 a shekara, wato kashi 20 cikin ɗari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne in an nuna maka. Itatuwan asali suna zubar da ganye su huta rabin shekara, ruwa ya ratsa tsirarun rassa ya shiga ƙasa. Fayin kuwa yana riƙe da allurarsa rani da damina, yana tare ruwa a sama ya bushe kafin ya taɓa ƙasa, yana kuma ci gaba da sha a watannin da sauran ke barci.

Muka tsaya a cikin fayin ɗin. Dogaye ne, a jere, ƙasa shimfiɗe da busassun allurai masu laushi, wurin shiru kamar masallaci bayan isha. Yayyafin da ke jiƙa mu a waje da ƙyar yake iso mu a nan. Na ce wa yaron tun ina ƙarami abin da aka koya mini shi ne itace na kawo ruwa.

"Ba ƙarya aka koya maka ba, Kawu," in ji shi. "Guntu aka ba ka. Sai ka tambaya: wane itace, a wace ƙasa, ruwan wa?"

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe sara alheri ne. Coweeta ɗin dai ta amsa masa tun kafin ya yi tambayar. A kwari na 3, a shekarar 1940, aka yi abin da manomin dutse ke yi: aka sare, aka noma masara a gangare, aka saki shanu a sauran. Cikin 'yan shekaru kofato ya daddaɓe ƙasa, ruwa ya daina shiga sai gudu a sama, rafi ya koma ja, kowane hadari sai ya kwaso ƙasa da tsakuwa ya zube a bayan madatsa, masarar ma ta daina biyan wahala. Yawan ruwa daban, ruwa mai amfani daban. Abin da daji ke yi wa rafi ba ƙara shi ba ne. Tace shi yake yi, ya riƙe shi, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Kuma ba ganye ke wannan aikin ba, ƙasar da ke ƙarƙashin ganyen ce.

Wani masani mai suna John Hewlett ya nuna haka a farkon shekarun 1960 ta hanyar da ta burge ni saboda sauƙinta. Ya gina dogon kwami na kankare a gangare, tsawonsa kusan mita 14, ya cika shi da ƙasar dajin, ya jiƙa ta sharkaf, ya rufe ta yadda ba ruwan da zai shiga ko ya tashi sama. Sai ya zauna yana auna abin da ke ɗiga ta ƙasa. Kwana 145 ana auna ɗigon. Ashe rafin dutse da ke gudana a lokacin da ba ruwa, ba lallai wani tafki ne a ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da shi ba. Danshin da ke cikin ƙasar gangare ne ke tsiyayowa a hankali. Duk wanda ya taɓa ganin ƙorama tana gudu a watan Janairu a gindin dutse ya yi mamakin inda ruwan ke fitowa, ga amsarsa.

Akwai abubuwan da ba wanda ya shirya aunawa, tsawon zama ne ya kawo su. Lokacin da aka buɗe cibiyar, wata cuta ta riga ta fara kashe itacen cesnot, wanda a da shi ne ya fi yawa a waɗannan duwatsu. Littattafan farko sun kama mutuwarsa. A farkon shekarun 2000 wani ɗan ƙwaro ya shigo ya gama da itatuwan hemlok na bakin rafuka, na ga gawarwakinsu a tsaye, furfura-furfura. Oak na ja baya, mapul da ire-irensa masu yawan shan ruwa suna cike gurbi, har aka gano cewa wasu kwarurukan da ba a taɓa ba ma ruwansu ya ragu tun daga shekarun 1970. Shaidar ma ashe tana tsufa tana canzawa. Tun a shekarun 1970 ɗin kuma ake gwada sinadaran da ke cikin ruwan saman, aka ga tsamin da hayaƙin masana'antu da tashoshin kwal ke zubawa, aka kuma ga ya ragu bayan gyaran dokar tsabtace iska na 1990. Zafi ya fara hawa tun wajen 1980. Ruwan shekara a jimlace bai nuna wata babbar alkibla ba, amma ya zama mai fushi: shekarun fari sun fi bushewa, na ruwa sun fi jiƙa. An yi fari daga 1985 zuwa 1988, an yi a 2007 da 2008, a ƙarshen 2016 kuma dajin da nake tsaye cikinsa a jiƙe ya bushe har gobara ta ci duwatsun da ke kewaye. A Satumban 2004 guguwar Ivan ta biyo bayan Frances, ƙasa ta riga ta ƙoshi, wani gangare ya zame a Peeks Creek, a ƙaramar hukumar Macon da Coweeta ke cikinta, ya kashe mutum biyar. Ba za ka iya cewa shekara ta fita daban ba sai kana da saba'in ko tamanin na talakawan shekaru da za ka jera ta da su. Waɗannan talakawan shekarun, da ba abin da ya faru a cikinsu, su ne dukiyar wurin, kuma wani ne ya hau dutse a kowane makonsu.

A makarantarmu ta firamare akwai ma'aunin ruwa a bayan ofishin hedimasta, an kewaye shi da waya. Malaminmu na labarin ƙasa yakan tura ɗalibi biyu kowace safiya ta damina, mu juye a kwalba mai zane, mu rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango. Da aka yi masa canjin wurin aiki abin ya tsaya. Shekarun baya na koma na tambayi littafin, ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Abin yana ci mini rai, domin shekarun da muka rubuta sun haɗa da farin 1983 da 1984. Ba wai ba mu da awo a ƙasarmu ba. Kano na da lissafin ruwan sama tun farkon ƙarni na ashirin, kuma da irinsa ne duniya ta gane girman farin Sahel. Amma yawancin ma'aunanmu suna filayen jirgin sama da gonakin gwaji ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ruwan da ke cika madatsar Tiga daga tuddan kudu yake gangarowa, ta dajin Falgore. A tsaye a gaban tsagar kwari na 17, abin da nake ta tunani shi ne 'yan ƙoramun Falgore, da itacen turare da muke dasawa a bakin fadamu da kyakkyawar niyya, da manoman rani na Kadawa da masuntan Hadeja da ke jiran abin da zai iso musu. Darasin Karolina ba zai ɗauku a kai shi can yadda yake ba, ƙasa ba ɗaya ba, rana ba ɗaya ba. Abin da zai ɗauku shi ne gwangwani, da tsaga, da littafi, da albashin wanda zai riƙa zuwa.

La'asar ta yi mana a ma'auni na ƙarshe, can sama inda hazo ya rufe komai sai itatuwan da ke kusa. Na yi alwala da ruwan wata ƙorama mai sanyin da ya sa yatsuna suka ƙage, muka yi salla a kan rigar ruwan yaron, ma'aikaciyar ta koma gefe tana jiranmu. Da muka idar ta cire mazurarin, ta miƙo mini sandan. Ta ce in zura shi a miƙe, kada in bari ya jingina da bututun, in ƙirga uku kafin in zaro. Na yi yadda ta ce. Ta karɓa ta duba, ta share shi da gefen riga, ta sake zurawa da kanta. Jiƙar ta tsaya a wuri ɗaya da tawa. Ta rubuta lambar a ƙarƙashin ta makon jiya, ta juye ruwan, muka kama gangara kafin duhu ya rufe hanya.